Yashin da Ban Ɗanɗana Ba

Ni yashi nake soyawa. Ku yi dariyarku ku gama, ina jira.

Asabe ƙanwata ce ta zo hutu ta ce malamarku ta sa kowace ɗaliba ta samo wani nata ya rubuto labarin sana'arsa, a karanta a aji. Ta so zuwa wajen mai ɗinki aka riga ta, sai ta tuna da ni. Har da cewa, "Yaya, naki ma ba zai yi tsawo ba, ai zuba yashi ne a wuta a kwashe." To ga shi na rubuta, kuma zai yi tsawo. Irin bencin da kuke zaune a kai na zauna, na yi aji uku a sakandare. Dalilin da ya sa na tsaya a nan ba shi aka tambaye ni ba.

Ku fara sanin abin da jirgin ƙasa yake yi da yashi, don na lura har wasu manya ba su sani ba. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da take bi shi ma ƙarfe ne. Idan ruwa ya sauka, ko raɓa ta kwanta, ko ƙadandoniya ta hau dogo da damina jirgi ya murƙushe ta, sai santsi ya kama. Ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi na tashi, jirgi bai matsa ko taku ɗaya ba. Saboda haka akwai akwatin yashi a jikin kan jirgi, da bututu siriri kamar karan dawa da ya sauko har gaban ƙafa. Direba ya ja hannu, yashi ya zubo a kan dogo, ƙafa ta samu abin kamawa. Bututun nan ba ya yafiya. Tsakuwa ɗaya ta toshe shi, danshi kaɗan ya toshe shi. Aikina shi ne yashin da zai bi ta cikinsa ya zuba kamar ruwa, ko da an kwana bakwai ana ruwan sama.

Tasharmu tana ƙasar Makarfi, a kan dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Kano. Ba babbar loko ba ce irin ta Zariya, inda ake tara kawunan jirgi ana gyara su. Kan jirgi ɗaya ne yake kwana a wurinmu, shi ne mai bin ƙananan tashoshi yana kwaso taragun gyaɗa da auduga da shanu. Akwai rumfar da yake kwana, mai ƙofa uku, ta lanƙwasa kamar rabin ƙwarya. Akwai tankin ruwa, akwai ramin da ake zubar da toka, sannan akwai tebur. Tebur faifan ƙarfe ne a cikin wani rami zagayayye, da dogo a shimfiɗe a kansa. Kan jirgi ba ya son doguwar tafiya da baya, don haka in zai koma inda ya fito sai ya hau tebur, mutum huɗu su sa ƙirji a sanduna su juya shi. In direba ya tsaya daidai tsakiya, suna turawa suna hira. In ya zarce kaɗan nauyi ya koma gefe, sai an kira har mai gadi, ana nishi ana zagin direba a ciki. Babanmu yana cikin mutum huɗun nan, shi da su Audu, har ƙirjinsa ya ƙi. Bayan duk waɗannan, can ƙarshe inda ba wanda yake zuwa sai da dalili, nan ɗakin yashi yake.

Ranar da na fara, a shekarar da aka sauke tutar Turawa, Gwaggo Lami ƙanwar babanmu ta miƙo mini rariya ba ta ko ɗago kai ba. Ita ce mai ɗakin. Ta fi shekara ashirin a ciki, tun kafin a haife ni, kuma yatsanta ne a takardar da aka ba da ɗakin. Na ce mata ni na iya rubutu da lissafi, ko akwai abin da zan rubuta. Ta ce, "Akwai. Rubuta wancan tulin a cikin wannan rariyar." Wata uku ban taɓa shebur ba. Rairaya kawai, daga hantsi zuwa la'asar. Rariya biyu ce, mai manyan ido ta fara tare tsakuwa da ƙirare da kashin jaki, sannan mai ƙananan ido. Ba da hannu ake rairaya ba, da ƙugu ake yi. Wadda ta yi da hannu kafin azahar kafaɗarta ta mutu. Tawa ta mutu sati biyu a jere kafin na yarda.

Kaskon suyar ba irin na gida ba ne. Farantin ƙarfe ne da aka yanko daga ƙasan wani tsohon tarago, tsawonsa ya kai tabarma biyu, an ɗora shi a kan murhun bulo. Ba ice muke sawa ba, ragowar kwal ne da muke tsintowa a ramin toka bayan an share wutar jirgi, mu ɗauko a kwanon sarki yana ƙona mana gammo. Ana baza yashi kaurin yatsu uku, a yi ta juyawa da shebur mai gajeren hannu. Da fari yana tururi yana nauyi a shebur. In ya fara bushewa sai ƙararsa ta sake, daga "caɓ" ta koma "shaa". Gwaggo tana bakin ƙofa tana jin wannan ƙarar ta ce a kwashe. In ya wuce haka ya ƙone, ƙwayar ta farfashe ta zama gari, gari kuwa iska ce take kwashe shi kafin ya taɓa dogo. Sai a baza shi ya huce, a sake rairayewa, a zuba a rumbun ƙarfe a rufe. Zafin ɗakin nan a watan bazara ba zan kwatanta muku ba. Gashin hannuna bai sake fitowa ba.

Yashi kuma ba ɗaya ba ne. Masu jakuna ne suke kawo mana daga rafuka. Na wajen Dandamisa ja ne, da laka a jikinsa, sai an wanke an shanya kafin ya hau wuta. Na fadamun rake na wajen Kudan baƙi ne, laushi gare shi, ba ma son sa sai dole. Na wajen Furana shi ne sarki, fari, mai kaifi, in kika murza a tafin hannu sai ya karce ki. Masu jakuna sun san haka, sai su cika mangala da na kusa su yayyafa na Furana a sama. Ba su taɓa cin Gwaggo ba. Hannu take turawa har gwiwar hannu ta ciro na ƙasa, ta ɗebi kaɗan da yatsu biyu ta ɗora a harshe, ta tauna da haƙoran gaba, ta tofar. Sai ta faɗa wa mutum rafin da ya ɗebo, wani lokaci har gefen da ya tsaya. Haka take yi wa kowane tuli in ya zo, haka take yi wa kowace suya kafin ta shiga rumbu. Laka, in ji ta, manne wa harshe take yi. Kanwa tana da yaji-yaji. Haƙoranta na gaba sun gajarce kamar na tsohuwar akuya.

Ni na ƙi. A makaranta an nuna mana hoton tsutsar ciki a allo, na ce ba zan sa ƙasa a bakina ba.

"Yashin da ya wuni a kan wuta, wace tsutsa ce ta rage a ciki, 'yar boko?"

"Gwaggo, ai hannu ma yana ji. Ga shi na damƙa na saki, ya zube duka, bai dunƙule ba."

"Hannu yana faɗa miki yadda yake yau. Baki ne yake faɗa miki yadda zai kwana."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Shekara uku ina damƙawa ina saki, ba abin da ya faru, sai na ƙara yarda da kaina.

Masu karɓar kayanmu direbobi ne da masu zuba kwal, kuma ba su da godiya. In yashi ya yi kyau ba wanda zai tuna akwai ɗakin yashi. In ya toshe, har kakanninmu sai sun ji. Mutum ɗaya na cire, Baba Yohanna, direban kan jirginmu, mutumin kudancin Zariya, dattijo mai furfura a gira. Duk la'asar in ya hau tebur aka juya shi, ya kai jirgi rumfa, sai ya tako da kansa har ƙofarmu.

"Uwar yashi, sannu da wuta."

"Sannu direban kunkuru. Yau ma ka zarce a tebur, na ji su Audu suna nishi."

"Ni? Teburinku ne ya karkace. A ba ni na Furana, kada a ba ni wannan tuwon na Kudan."

"Wanda ya samu dai shi za ka ci."

Ba ya duba abin da muka zuba masa. Sauran direbobi masu wucewa sukan tura hannu a akwati su gwada. Shi ya ce shekara goma sha wani abu yana ɗaukar yashin Gwaggo bai taɓa jan hannu ya ji shiru ba, don me zai ɓata hannunsa.

Akwai kuma wasu masu zuwa da ba na jirgi ba. Matan barikin ma'aikata suna sayar da soyayyar gyaɗa a bakin tasha in jirgin fasinja ya tsaya. Tunda wutarmu ba ta mutuwa, sai su zo da gyaɗarsu da suka jiƙa a ruwan gishiri, su soya a wurinmu. Gwaggo ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ware musu ƙaramin kasko a bakin ƙofa da nasu yashin. In ya yi baƙi a juye a wani tsohon duro, ran Juma'a a kai kwari a zubar. Ko cokali ɗaya ba ya komawa ciki. Na taɓa ce mata wannan ɓarna ce, yashi ne soyayye rairayayye, ɓawon gyaɗa kawai za a cire. Ta ce, "Sa a baki ki ji." Na ce a bar maganar.

Damina ta huɗu ita ce mummunar shekarar. Marka ta kama, sai a kwana uku ba a ga rana ba. Rafuka suka cika suka rufe yashi, masu jakuna suka daina zuwa. Ramin toka ya zama tafki, kwal ɗin da muke tsintowa sai hayaƙi, ba wuta. Kwanon rufin ɗakin yana zuba a wuri uku, muna ta jan tuli daga wannan lungu zuwa wancan. Abin da muke soyawa a wuni ɗaya sai ya ɗauki kwana uku. Ga shi lokacin ne jirgi ya fi cin yashi, don dogo jiƙe yake kullum, ƙadandoniya kuwa kamar an shimfiɗa ta. Ina kallon rumbu yana sauka har na fara jin shebur yana kartar ƙarfen ƙasa.

Wata Laraba Gwaggo ta ce za ta bi wani mai jaki da kanta, ta ji an ce akwai tudun yashi da ruwa bai hau ba. Kafin ta fita ta ce, "In Yohanna ya dawo yashin bai ishe shi ba, ba shi abin da ke akwai, ki faɗa masa gaskiya, ya ƙara a Zariya." Magana ce mai sauƙi. Na ce to.

La'asar ta yi, jirgi ya shigo, akwatunansa duka biyu wayam. Abin da ke rumbu bai cika ɗaya ba. Helma Ɗanjuma, shi ne shugaban leburorin tasha, ya leƙo yana karkaɗe ruwa daga hularsa.

"Ke, ina yashi? Gobe da sassafe akwai taragun shanu."

"Ana kawowa."

"Ana kawowa! An ce mana mai ilimi aka kawo ɗakin nan. Ilimin ne za a zuba a akwatin?"

Da na ce masa babu, da shi ke nan. Zai yi faɗa ya gaji ya tafi. Amma ban iya cewa babu ba, kuma ban iya jira ba, halina ne har yau. Idona ya faɗa kan duron nan na bakin ƙofa. Saboda ruwa an yi Juma'a uku ba a zubar ba, ya kusa cika, yana gefen murhu, a bushe, da ɗumi. Na juye shi, na rairaye sau biyu har ba sauran ɓawo, na sake ɗora shi a wuta don in tabbatar. Na damƙa na saki, ya zube kamar ruwa. Na gauraya da na rumbu na cika akwatunan biyu har baki. Baba Yohanna ya ce, "Kai, 'yata, a wannan markar? Allah ya yi miki albarka." Bai duba ba.

Kowace ɗaya a cikinku ta san abin da gishiri yake yi a kicin da damina. Ya jiƙe a cikin gwangwani ko an rufe shi. Ni ma na sani, har a jarrabawa na taɓa rubutawa. Ban haɗa wannan da wancan ba, shi ke nan.

Jirgi ya kwana a rumfa, iska cike da laima. Da safe ya ja taragun shanu ya fita cikin yayyafi. Abin da ya faru daga bakin Baba Yohanna na ji. Bayan gada akwai hawa, ba wani tudu ba ne, in kina tafiya a ƙasa ba za ki ma lura ba, amma jirgi mai kaya yana ji. Nan ƙafafu suka fara santsi. Ya ja hannun yashi, shiru. Ya sake ja, shiru. Mai zuba kwal ya sauka yana dukan bututu da guduma, ko ƙwaya. Jirgi ya tsaya cak, ya fara neman komawa baya. Suka ɗaure birki, suka riƙa ɗebo jar ƙasa daga gefen dogo da hulunansu suna barbaɗawa, ƙasar kuwa caɓi ce, ta ƙara santsi. A ƙarshe sai raba taragun suka yi biyu, ya kai rabi tasha ta gaba ya dawo ya ɗauki rabi. Dogo ɗaya ne. Duk wannan lokacin jirgin fasinja yana tsaye a wata tasha yana jira, wani na kaya yana bayansa, shanu suna ta kuka a tarago, waya tana ta kaɗawa a ofis.

Sai bayan azahar ya dawo. Ya hau tebur ya tsaya daidai tsakiya, amma ba wanda ya tura. Kowa ya taru, har mai tasha ya fito da laimarsa. Aka buɗe akwati. Yashin ya dunƙule ya zama curi guda, launin ƙasa-ƙasa, sak mazarƙwaila. Sai da aka sa ƙarfe aka ɓantaro. Mai tasha ya juya kan Baba Yohanna, me ya sa bai duba akwatinsa ba kafin ya fita, ai doka ce. Baba Yohanna yana ta murza hularsa.

Lokacin Gwaggo ta iso, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, jaki biyu a bayanta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta karɓi ɓantaren daga hannun Helma, ta gutsura kaɗan ta ɗora a harshe. Na tsaya ina jiran ta tofar kamar kullum. Ta dube ni. Sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

"Me kika ji?" in ji Helma.

"Ranka ya daɗe," ta ce da mai tasha, ba ta ko kalli Helma ba, "a bar direba. Ko ya tura hannu jiya ba zai ji komai ba, a bushe yake lokacin. Gishiri ne. Daga ɗakina ya fito."

"Ni na zuba," na ce. "Ba ta nan. Yashin gyaɗa ne, ni na..."

"Wa ya sa da ke?" Gwaggo ta daka mini tsawa. "Je ki sauke wa jakunan nan kaya."

Helma ya ce ai ba ruwan kowa da wanda ya zuba, yatsan wa ke takarda? Mai tasha ya ce zai aika Zariya, wani zai zo. Kowa ya san ma'anar haka. An daɗe ana cewa ɗakin yashi bai kamaci tsohuwa ba.

Washegari muka yi aikinmu. Da za mu tashi na ce mata zan rubuta takarda in faɗi gaskiya. Ta ce, "Kada ki rubuta komai. A bar ni da su, na san yadda ake ba su haƙuri, ba yau na fara ba." Ban ji ba. Na samo takarda mai layi na zauna na rubuta da Turanci, shafi biyu. Na faɗi yadda aka yi daki-daki. Na bayyana yadda gishiri yake jawo laima daga iska. Na ce Gwaggo ta hana, ni na ƙi ji. Har na ƙara da shawara, cewa in ana liƙa wa kowace suya 'yar takarda mai kwanan wata da sunan rafin da aka ɗebo, irin wannan ba za ta sake faruwa ba. Na sake kwafewa da kyakkyawan rubutu. Na ji daɗin takardar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Mutumin ya zo ran Asabar a jirgin safe, saurayi ne da farar riga da alƙalami biyu a aljihu. Bai shiga ɗakin ba saboda hayaƙi, a bakin ƙofa ya tsaya. Gwaggo ta durƙusa ta fara gaisuwa, ta fara ba da haƙuri. Ni kuwa na miƙa masa takardata. Ya karanta a tsaye, ya koma farko ya sake karantawa.

"Ke kika rubuta wannan da kanki?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Aji nawa kika yi?"

"Uku."

Ya juya wajen mai tasha ya ce, "Kuna da irin wannan a nan kuka bar ɗakin a hannun mai dangwala yatsa? Ai abin da muke nema ke nan yanzu. Ƙasa ta canja." Ya ce Gwaggo ta yi ƙoƙari, ta huta haka nan. Ya ce barin matan bariki su soya gyaɗa a ɗakin tun farko shi ne laifin, kuma ita ta bari. Na ce ranka ya daɗe ba haka takardar take nufi ba. Ya ce ya gane, ya yaba da gaskiyata, in sa hannu a nan. Na ce ba zan sa ba.

Gwaggo ta miƙe tana dafa gwiwa. "Sa hannu," ta ce. "In kin ƙi, ɗan kwangila za su kawo ya zuba wa Yohanna ƙasar gona. Sa hannu, 'yar boko, ai abin da kika iya ke nan."

Na sa.

Ba ta ɗauki komai a ɗakin ba sai ƙaramin kaskon nan na bakin ƙofa. Ta koma Hunkuyi wajen ɗanta. Baba Yohanna ya zo la'asar ya tsaya a ƙofa, ya buɗe baki zai yi gaisuwar da ya saba, ya ga ni kaɗai ce, ya ce, "Sannu da wuta," ya tsaya a nan. Tun daga ranar yake tura hannu a akwati kafin ya fita. Bai taɓa ce mini komai a kai ba. Ina ganin sa yana yi.

Shekara biyu ke nan ɗakin yana hannuna. Ina liƙa 'yan takardun nan a kowace suya, da kwanan wata da sunan rafi, kuma ba wanda ya taɓa karanta ko ɗaya. Ina kuma ɗanɗanawa, kowane tuli, kowace suya. Yanzu nakan raba na Dandamisa da na Furana ido rufe, amma kanwa in kaɗan ce har yau tana wuce ni. Haƙorina ɗaya ya ɓalle a gefe. Sababbin kawunan jirgi masu shan mai sun fara wucewa ta wurinmu. Fuska biyu gare su, ba ruwansu da tebur, ba sa zubar da toka, ranar da namu ya tafi ban san da me zan hura murhu ba. An ce a Zariya za a kawo injin da zai riƙa busar da yashi. Ciyawa ta fara fitowa a ramin tebur, su Audu suna cirewa don kada a lura. Saboda haka ba kiran ku nake ku zo ku koya ba. Ku yi karatunku. Abin da nake so kawai, ke Asabe da ƙawayenki, in tsohuwa ta ce ku sa abu a baki, ku sa, ku yi gardamar daga baya.

Duk ƙarshen wata nakan je Hunkuyi ranar kasuwa. Gwaggo tana zama a bakin layin masu hatsi da kaskonta, gyaɗa take soyawa, mai gishiri. Nakan ƙulla yashin suyar da na yi ta ƙarshe a bakin zanena. Mu gaisa, ta tambayi babanmu, ta tambayi Yohanna ko har yanzu yana zarcewa a tebur. Ba ta taɓa ta da maganar takardar nan ba, ni ma ban taɓa ba. Sai in kwance ƙullin in miƙa.

Wancan zuwan ta ɗebi kaɗan ta ɗora a harshe, ta tauna da abin da ya rage mata na haƙora, tana kallon wani wuri.

"Na Furana. Gefen da ke kallon gabas."

"Haka ne."

"Kin bar shi ya daɗe a wuta."

"Ban bari ba, Gwaggo."

"Kin bari. Tsoro kike ji. Ki riƙa sauraron shebur."

Sai ta juya gefe ta tofar, ba ta haɗiye ba. Abin da nake zuwa gani ke nan.